Makunnin da Sailuba Take Buɗewa

Alhaji Maitama yana tsaye a danjar da ke bakin unguwarsu a garin Bowie, can ƙasar Turawa, fitila ta koma kore, shi kuwa bai san dama zai yi ko hagu ba.

Ba baƙuwar hanya ba ce, don ya fi shekara ashirin yana bin ta. Ga gidan man da yake shan mai, ga kantin da yake karɓo wa matarsa Hajiya Sailuba maganin hawan jini, duk ya gane su sarai, amma ya rasa ta ina gidansa yake a tsakaninsu. Na bayansa ya danna hon, na bayan wancan ma ya taya shi. Gumi ya keto masa duk da sanyin motar. Ya karya sitiyari dama don kawai a daina yi masa ihu, ya yi ta lallaɓawa a gefen titi, sai da ya hango shuɗin akwatin wasiƙar maƙwabcinsa sannan unguwar ta dawo masa gaba ɗaya. Ashe daman ce daidai. Wannan bai kwantar masa da hankali ko kaɗan ba, domin ya san sa'a kawai ya ci.

Ya shiga gareji ya kashe mota, ya zauna. Ta madubi yana hango kujerar yara a baya, babu kowa a ciki sai takalmi ƙafa ɗaya. Yanzun nan ya sauke Sailuba da jikarsu Umaima a gidan suna a garin Upper Marlboro, kuma shi ne zai koma ya ɗauko su in an watse. Da a babban titin 301 abin ya same shi fa, manyan motoci na wucewa ta ko'ina, yarinyar tana baya?  Bai nemi wurin kwanciya ba, bai ko kurɓi ruwa ba, ya nufi ɗakin ƙasa wajen tsohuwar na'urarsa.

Kada ka ji an ce kwamfuta ka ɗauka irin wadda ake ɗorawa a cinya ce. Wannan ta kai firiji biyu in an jera su, kuma ta girmi 'yarsa Naila, wadda yanzu likita ce. Irinta ce ya fara taɓawa yana saurayi a jami'a a Zariya, lokacin da mutum goma sha ke zama kowa da tafiretarsa suna aiki da na'ura guda, tana yanka wa kowa ɗan lokaci tana zagayawa da sauri, har kowa ya ɗauka shi kaɗai take saurare. Rabon lokaci ake kiran tsarin. Da ya yi ritaya sai ya ji wani ɗakin bincike zai zubar da irinta, ya ɗauko ta a motar haya, ya shekara biyu yana lallashinta har ta yarda ta yi numfashi. Duk Asabar yake tayar da ita. Wasu tsofaffi irinsa, ciki har da abokinsa Dramani, mutumin Kumasi da ke zaune a Annandale, sukan shigo ta waya daga gidajensu, su yi wasan darar da suka rubuta da kansu, su yi gulmar 'ya'yansu, da yamma a kashe ta saboda wutar da take sha.

To, ita irin wannan na'ura ba a danna mata abu ɗaya ta tashi. In an kunna ta ba ta san komai ba, ko inda faifanta yake ba ta sani ba. Sai mutum ya tsaya gaban jerin makunnan da ke fuskarta ya ɗura mata lambobi ishirin da 'yan kai da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wannan ya sauke wancan ya danna na ajiyewa. Waɗannan lambobi su ne ɗan umarnin da ke ce mata ta je faifai ta ɗauko babban tsarin. A Zariya matashiya suke kiran su, don su ke tashin ta daga barci. Kowa da takarda yake yi. Maitama kaɗai ke yi da ka, ba ya ko waiwayawa ya duba abin da ya ajiye, kuma ya shekara hamsin yana taƙama da wannan, har mutane sun gaji da jin labarin.

Taƙamar ce ta ja masa rantsuwa. Bara waccan ya goge akwatin wasiƙarsu da mota, bayan haka ya manta tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara maƙwabta. Naila ta zo ta zauna a ƙasa gabansa kamar yadda aka koya mata, ta yi ta kewaye-kewaye da Hausarta mai haɗe da Turanci, ƙarshe dai ta ce ya bar tuƙi a duba shi. A Bowie kuwa wanda aka karɓe wa mukulli an ɗaure shi ne, ko burodi sai an kai shi. Maitama ya fusata, ya ja ta har ɗakin ƙasa, ya tayar da na'urar a gabanta da ka, fitilu suka hau rawa. Ya ce duk ranar da ya kasa yin haka, Allah shaida, da hannunsa zai miƙa mata mukullin. Naila ba ta so ba, amma uwarta ta ce ita ce za ta riƙa tsayawa a kai duk mako, sai ta haƙura.

Sailuba kuwa ba 'yar kallo ba ce a wannan sha'ani. A ɗakin na'urar Zariya suka haɗu, ita ce mai kula da ita da rana, kuma tun can suke da rabon aiki. Ƙwaƙwalwar na'urar wasu 'yan zobban ƙarfe ne da aka saƙa a waya, ba sa mantuwa ko an ɗauke wuta, abin da aka ajiye yana nan sai an rubuta wani a kansa. Saboda haka aka yi mata makunnin kariya, can ƙasa a bayan ƙofar akwatin. In yana rufe, babu abin da zai shiga gurbin matashiya, ko mutum ya kwana yana dannawa. Kafin a ɗura sabuwa sai an buɗe, in an gama a rufe. Shi ke tsayawa a gaba ya ce, "Buɗe," ita ta sunkuya ta ce, "Na buɗe." Da gwiwoyinsa suka fara ciwo ma sai abin ya zama nata ita kaɗai. Ko da safen nan sai da ta ce masa kada ya taɓa na'urar sai ta dawo, su Dramani su yi haƙuri zuwa la'asar.

Amma mutumin da ya ɓata a ƙofar gidansa ba ya iya jiran la'asar. So yake yanzu-yanzu a ce masa ƙalau yake. Ya kunna wuta, fankoki suka ɗauka, ɗakin ya cika da warin ƙura mai ɗumi. Ya dafa akwatin ya durƙusa da ƙyar, yana nishi, ya laluba bayan ƙofar ya tura makunnin. Ƙas. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya yi bisimilla, ya fara.

Yatsunsa suka tafi da kansu kamar kullum. Ɗaga, sauke, ajiye. Yana yi yana jin ƙirjinsa na sakewa, har ya fara yi wa kansa dariya, wai shi ne ɗazu yake kyarma saboda ɗan ruɗewa a danja, abin da ke samun yara ma. A ƙarshe ya saka alamarsa. Wannan al'adar Zariya ce: gurbi na ƙarshe na matashiya ba ya aikin komai, sai aka mayar da shi wurin sa hannu, duk wanda ya ɗura ya ajiye lambarsa ta ma'aikaci da wata da shekara, don in ta ƙi tashi a san wanda za a zaga. Ya ajiye tasa, ya koma farko, ya danna na tafiya.

Fitilu suka yi wal sau ɗaya suka tsaya cik. Faifan da ya kamata ya yi gurnani bai ce uffan ba.

Ya tsaya yana kallo. Ya sake danna na tafiya, suka sake tsayawa a wuri guda. Abin da ya fara zuwa bakinsa zagin na'urar ne, tsohuwar banza, ta rasa ranar da za ta yi taurin kai sai yau. Ai ƙarfen da ya haura shekara hamsin komai na iya faruwa da shi, waya ta saki, zobe ya mutu, faifai ya cije. Ya riƙe wannan tunani da hannu biyu, don ɗayan tunanin ba ya so ya ko kalli inda yake.

Wayarsa ta yi ƙara, ya zabura har ya buge gwiwar hannu. Dramani ne, da Hausarsa ta Zango, yana cewa ya ga alamar an kunna amma ƙofa ba ta buɗe ba, su duka suna jira, yau sai ya rama cin da aka yi masa a dara. Maitama ya ce wani ɗan ƙwaro ne ya shiga, wato ɗan kuskure a aikin na'urar, yanzu zai kama shi.

"Yoo, Alhaji," in ji Dramani. "Kai da dibaga a hannu, wane ƙwaro zai gagare ka? Muna nan."

Dibaga ɗin wani ɗan shiri ne da ke zaune a wani lungu na ƙwaƙwalwar, aikinsa farautar kuskure. In ka tashe shi, sai ya buga maka a tafireta abin da ke cikin kowane gurbi da ma'anarsa, kuma ya bar ka ka tafiyar da na'urar taki ɗaya ɗaya kana kallon inda za ta sa ƙafa. Ba ya ƙarya, ba ya kara. Maitama ya sha gaya wa ɗalibai cewa dibaga ba shi da suruki. Ya saka lambar lungun, wadda ko a mafarki ya san ta, tafireta ta yi tari ta buga alamar tana saurare. Ya ja kujera ya zauna.

Ya fara da gwada zobban, yana fatan ya samu matacce. Ya ajiye lamba ya karanto, ya ajiye wata ya karanto, duk suka dawo yadda ya ba su. Ya gwada faifan kai tsaye, ya amsa da gurnaninsa lafiya lau. Wallahi bai taɓa baƙin cikin ganin abu da lafiya irin na ranar ba. Da ya rasa abin zargi, ya koma kan matashiyar da ya ɗura, ya shiga bin ta taki taki.

Na farko daidai. Na biyu daidai, na uku ma haka. Ya ɗan samu numfashi. Can sai na'urar ta iso inda take tambaya ko faifai ya gama, ta ji bai gama ba, ta koma ta sake tambaya, ta sake komawa. Ya bi ta sau da yawa tana zagaye wuri guda. Ya ɗaga ido sama kaɗan a takardar, ya nemi umarnin da ke ce wa faifai ya fara karantowa. Babu shi. Ba a rubuta shi ba daidai ba ne, a'a, babu shi ne sam. Ya tsallake shi, sauran duk suka matso sama da gurbi ɗaya. Na'urar tana zaune tana jiran amsar aiken da ba a yi ba, kuma za ta yi ta jira har a ɗauke wuta.

 Ya ce to, kuskure ɗaya ne, kuma a tsorace ya yi, ai ko limami yakan yi tuntuɓe a karatu. Ya miƙe ya koma gaban makunnan ya fara daga farko, wannan karon a hankali, yana faɗin kowace lamba a fili. Ya wuce ta huɗu, ya wuce ta biyar. A ta shida yatsansa ya tsaya a sama. Bakwai ce a tsakiya ko uku? Ya ce bakwai, sai ya ji kamar uku. Ya ce uku, sai ta yi masa baƙo a baki. Ya koma baya don ya taho da gudu ko za ta faɗo da kanta, sai ta biyar ɗin ma da ya faɗa yanzu ta gudu. Ya tsaya a gaban abin da ya fi sani a duniya, kansa fayau, daidai yadda ya tsaya a danja.

Nan tsoro na gaske ya sauko masa. Asabar da ta wuce ya yi wannan aiki ba gargada. Me zai share abin shekara hamsin a mako guda in ba shanyewar jiki ba? Ya tuna abin da Naila ta koya musu na gane alamunsa. Ya leƙa fuskarsa a gilashin akwatin ya yi yaƙe, bakin bai karkace ba. Ya ɗaga hannu biyu sama, babu wanda ya faɗi. Ya karanta Fatiha da ƙarfi, harshensa bai harɗe ba. Da wani ya leƙo ya ga dattijo da furfura yana yi wa kwamfuta yaƙe hannuwa a sama, da ya yi dariya, amma shi hawaye ne suka cika masa ido. Shi kaɗai ne a gidan, kuma bai san me ke cin kansa ba.

Ya koma kan tafireta. Dabara ta zo masa: tunda bai kai ƙarshe ba a karo na biyu, wataƙila in ya ga sauran lambobin a jere, waɗanda suka ɓace za su dawo. Ya ce wa dibaga ya buga masa komai har gurbin ƙarshe. Tafireta ta shiga sara, layi na bin layi, ya sa yatsa yana bi. Kusa da ƙasa ya ga alamarsa ta yau, lambarsa da wannan wata, ta hau sama da gurbi ɗaya saboda tsallaken da ya yi. A ƙarƙashinta kuma, a ainihin gurbin sa hannu wanda yau bai taɓa ba, ga wata alamar. Lambarsa ce ita ma. Ya karanta watan da shekarar, ya goge tabarau ya sake karantawa.

Watan da aka yi sunan Umaima ne. Yarinyar da ɗazu ta sauka daga mota da ƙafarta tana ce masa bai-bai.

 Duk Asabar yana saka sabuwar alama, wannan ko rantsuwa zai yi a kai. In da abin da yake dannawa yana shiga, da watan jiya zai gani ko na yau. Tunda tsohuwar ce a wurin, to tun daga wancan watan babu lamba ɗaya tasa da ta shiga na'urar nan. Yana tsaye ne yana ɗaga makunnai yana saukewa, kariya a rufe, na'urar tana tashi da matashiyar da ya ɗura tun kansa na daidai. Yau da ya buɗe da hannunsa, ya rubuta shirme a kan ta ƙarshe mai kyau.

Sai kunnensa ya dawo masa da wani abu. Ɗazu da ya tura makunnin, ƙara ɗaya ya ji. In Sailuba ta sunkuya kuwa, ƙas-ƙas yake ji, sannan ta ce ta buɗe. Buɗewa take ta mayar nan take. Ya fi shekara yana jin wannan ƙara biyu, bai taɓa tambayar kansa ba, shi da yake cewa kunnensa na gane ciwon faifai daga saman bene.

Ya so ya yi fushi, ya ma fara. Matar da suka yi shekara arba'in da wani abu tare ta mayar da shi abin wasa, tana tsaye tana kallonsa yana danna iska, har ta ce masa sannu da aiki. Amma fushin bai samu wurin zama ba, tsoro ya riga ya cika ko'ina. Ashe ba yau abin ya fara ba. Ashe duk tafiyar da ya yi da yarinyar nan a baya, zuwa masallaci, zuwa kanti, zuwa gidan uwarta ta babban titin da ke zagaye birni, da shaidar ƙarya ya yi ta. Sau nawa ya ɓata bai sani ba? Ya tuna yadda Sailuba ta koma yi masa hira a mota, tana cewa ga kwanarmu can, ka ga sun yi wa wancan gidan fenti, nan za mu shiga ko. Ya ɗauka surutun tsufa ne.

Yana nan zaune har azahar ta yi, ya yi salla a kan kujera bai san me ya karanta ba. Da ya sallame sai wata murya ta fara yi masa raɗa, kuma muryar tana da hankali. Wa ya gani? Ta ce masa ya kashe na'urar kawai, ya ce wa su Dramani fanka ce ta ƙone. Ya je ya ɗauko su a hankali, a layin dama, ai hanyar miƙaƙƙiya ce. Sailuba ta san aikin, za ta gyara cikin dare ba tare da ta ce komai ba, Asabar mai zuwa ya ce buɗe, ta ce ta buɗe, a ci gaba da zama lafiya. Har ya hau sama, ya ɗauki mukullin, ya shiga mota ya zauna. Ya ɗaga ido zai gyara madubi, ya ga kujerar da takalmin. Ya yi ƙoƙarin jero hanyar a kansa tun daga gareji har ƙofar gidan sunan. Ya kai danjar, daga nan ya rasa.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Sailuba ce, bayanta hayaniyar mata da ƙarar cokula.

"Alhaji, an watse. Ka taho, Umaima har ta yi barci a cinyata. Na ƙullo maka waina."

 Ta kira shi sau biyu, muryarta ta canza.

"Na sauka ƙasa," in ji shi. "Na buɗe makunnin da kaina."

Hayaniyar ta yi nisa, alamar ta fita waje. Ya ji numfashinta kawai. Ba ta yi musu ba, ba ta tambaye shi me yake nufi ba, ta san aikin kamar yadda ya san shi.

"Kana ina yanzu?"

"Cikin mota. A gareji."

"Ka kunna?"

"A'a."

"To ka fito, don Allah. Ka fito ka zauna a falo. Ƙawata Mansuratu za ta kawo mu, hanyarta ce."

Ya fito. Kafin zuciyarsa ta sake kawo masa wata dabara ya kira Naila a wurin aiki. Ta ɗauka a tsorace, don ba ya kiran ta a irin wannan lokaci. Ya ce mata lafiya lau, kowa lafiya, in ta tashi ta biyo ta karɓi mukullin, ta kuma nema masa ganin likitan da ta daɗe tana magana. Ta ce to Baba, da wata ƙaramar murya da rabon da ya ji ta tun tana firamare. Ya ajiye mukullin a kan teburin cin abinci, ya koma ƙasa, don bai iya zama yana kallon sa ba.

Da la'asar ya ji buɗe ƙofa, ya ji an kwantar da yarinya, ya ji takun Sailuba a matakala, tana saukowa da ƙafa ɗaya ɗaya saboda nata gwiwoyin. Ko mayafin sunan ba ta cire ba. Ta tsaya ta dubi fitilun da suka daskare, ta ɗauki takardar tafireta ta karanta daga sama har ƙasa, ta ajiye. Ya tambaye ta tun yaushe, duk da ya riga ya gani. Ta ce tun Asabar ɗin bayan suna. Ranar tana kallon yatsunsa ta ga ya juya lambobi biyu, sai ta ce masa kariya ce ta manta ba ta buɗe ba, ya sake, kafin ya sake ta faki idonsa ta gyara lambobin, ta rufe ta da gaske. Ta ce a ranta na mako ɗaya ne, gajiyar biki ce. Mako na gaba ya yi kuskure uku.

"Da yarinyar mutane a mota, Sailuba."

"Na sani." Ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta rufe fuska da gefen mayafi. "Kullum ka tayar da mota sai na ji kamar zan mutu. Shi ya sa ban taɓa barin ka fita da ita kai kaɗai ba. Amma na ga fuskarka in fitilun nan suka tashi, sai in ce bari sai mako mai zuwa. Tsoro nake ji, Alhaji. Ban san me zai rage mini daga gare ka ba in ka sani."

 Fankoki suka yi ta juyawa. Wayarsa ta yi haske, Dramani ne ya aiko yana tambaya ko ƙwaron ya ci mafarauci.

Can ta share ido ta ce ya tashi, mutane na jira. Ya tsaya gaban makunnan, ita tana zaune, ta fara faɗo lambobin da ka, a hankali, da irin muryar da take yi a ɗakin Zariya. Ashe duk shekarun nan ita ma ta haddace, ba ta dai taɓa faɗa ba. Yana ɗagawa yana saukewa, kuma bayan kowace lamba sai ya danna na dubawa ya karanta mata fitilun, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Sau biyu ta ce a'a, sake. Ya sake.

Da suka iso gurbin ƙarshe ta tsaya, tana jira ya saka alamarsa. Ya ɗora yatsu a kan makunnan, ya tsaya.

"Mece ce lambarki ta ma'aikata?"

Ta dube shi. Da can ya san ta kamar sunansa, har a wasiƙun neman aure yakan rubuta ta. Ta gaya masa. Ya saka ta, da watan da shekarar, ya duba, ya koma farko ya danna na tafiya. Faifai ya yi gurnani, fitilu suka hau rawa, tafireta ta buga gaisuwar tsarin, nan da nan ta buga cewa Dramani ya shigo, wani ma ya biyo shi. A sama aka danna ƙararrawar ƙofa, Naila ce ta iso.

"Rufe," in ji shi.

Ta dafa gwiwa ta sunkuya bayan ƙofar akwatin. Ya kasa kunne. Ƙas ɗaya ya ji.